Kafin Ka Miƙa wa Kawu Wayarka: Abin Yi da Abin Bari

Da ku nake, samarin Tamanrasset: 'ya'yan Hausawan Gat el-Wad da Tahaggart da aka haifa a nan, da ku da kuka hauro daga Damagaram da Tawa da Agadas neman na kanku. Kun iya latsa waya, kun gano cewa ChatGPT da Gemini da 'yan uwansu ba a yi musu tambaya su yi shiru. Na ga yadda kuke yi. Dattijo ya kawo labari a fada, ya ce allurar rigakafi dabarar rage mana haihuwa ce, sai yaro ya zaro waya ya karanto amsa da ƙarfi, ya dubi jama'a kamar wanda ya yi kaye a dandalin kokawa. Dattijon ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya tafi da labarinsa yadda ya zo da shi, ya ƙara da jin haushin yaron. An ɓata shayi, an ɓata zumunci, ba a gyara komai ba.

Ba cewa nake manhajar hira ba ta da amfani a wannan aiki ba. A watan Satumba na 2024 mujallar Science ta buga binciken malamai uku na jami'o'in Amurka, Thomas Costello da Gordon Pennycook da David Rand. Sun tara mutum 2,190 waɗanda kowannensu ya yarda da wani labarin maƙarƙashiya, suka haɗa su hira da GPT-4 Turbo, zagaye uku kacal, abin da bai kai minti goma ba. Ƙarfin yardarsu da labarin ya ragu da kusan kashi 20 cikin 100, mutum ɗaya cikin huɗu ya saki labarin, kuma da aka koma musu bayan wata biyu ba su koma gidan jiya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Amurkawa ne, da Ingilishi aka yi, kowa shi kaɗai gaban allonsa, ba mai kallonsa balle ya ji kunya. Kai kuwa a gindin duwatsun Hoggar kake, kuma mutanen da kake son gyarawa sun ga abin da ba ka gani ba. Saboda haka ga dokoki.

Kada ka taɓa ce wa mutumin garin nan babu maƙarƙashiya a duniya.

Wannan ita ce uwar dokokin, kuma wanda ya karya ta ya ajiye wayarsa. Ka hau titin In Salah ka yi arewa kamar kilomita 150, ka wuce In Amguel, za ka ga dutsen Taourirt Tan Afella a In Ekker. A cikin cikinsa Faransa ta fasa bam na nukiliya sau 13 tsakanin 1961 da 1966. Ka lura da shekarun: Aljeriya ta sami 'yanci a 1962, amma yarjejeniyar Evian ta bar wa Faransa wuraren gwajin har shekara biyar. Ranar 1 ga Mayu 1962, a gwajin da suka sa wa suna Béryl, toshiyar ramin ta gaza, baƙin hayaƙi mai guba ya fito daga dutsen ya bi iska. Ministocin Faransa biyu na tsaye a wurin, Pierre Messmer da Gaston Palewski, kuma gubar ta same su. Palewski ya mutu da ciwon dajin jini a 1984. Makiyayan Abzinawa da leburorin da aka ɗauka haƙar ramin fa? Ba wanda ya zauna ya yi musu bayani, ba wanda ya bi sawun lafiyarsu.

Kafin In Ekker akwai Reggane, inda aka fasa huɗu a sararin sama, na farkonsu ranar 13 ga Fabrairu 1960. Taswirar sojan Faransa da aka fito da ita daga sirri, jaridar Le Parisien ta buga a 2014, ta nuna ƙurar wancan bam ta kai Njamena da Bamako da Abijan. Fiye da shekara hamsin tana cikin akwati. Kakanninmu ba su jira taswira ba: a watan Janairu na 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas saboda waɗannan gwaje-gwaje. Faransa ba ta yi dokar biyan diyya ba sai 2010, kuma shekara goma bayan dokar, 'yan Aljeriya da aka biya ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Bakano kuma yana da nasa tabon. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara 200. Yara 11 sun mutu, wasu a rukunin Trovan, wasu a rukunin ɗaya maganin. An yi ta shari'a kan ko iyayen sun san gwaji ake yi, har aka sasanta da jihar Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A Pakistan kuwa, hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad a 2011 tana farautar Usama bin Ladan.

To mutumin da ya san waɗannan, in ka ce masa duk zargi shirme ne, kai ne jahili a idonsa, kuma ya yi daidai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Ka fara da amsa abin da ya tabbata. Ka sa manhajar ma ta amsa shi a gabansa: tambaye ta labarin Béryl tukuna. In ya ji ta faɗi laifin Turawa ba tare da kwana-kwana ba, zai ba ta kunne a tambaya ta biyu. Wani abin lura a binciken nan na 2024 shi ne, waɗanda suka kawo maƙarƙashiyar da ta tabbata a tarihi, manhajar ba ta rage musu yarda ba. Aikinta tankaɗe ne, a raba gari da tsaki.

Ka bar mai zargin ya faɗi zarginsa da bakinsa.

Sirrin binciken ke nan, kuma shi ne abin da kuke tsallakewa. Ba a karanta wa mutanen wa'azin da aka shirya wa kowa ba. Kowanne ya rubuta abin da ya yarda da shi da kalmominsa, ya kawo hujjojinsa, manhajar ta bi hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya. Kawu bai ce rigakafi ba shi da kyau haka kawai ba. Ya ce: asibiti ba ya ba ni maganin zazzaɓi kyauta, don me ake bin 'ya'yana har gida da ɗigon shan-inna kyauta? Wannan tambayar mai hankali ce, kuma tana da amsa. Rubuta ta yadda ya faɗe ta, kada ka yi mata kwaskwarima, kada ka rage mata kaifi. In ya iya karatu, miƙa masa wayar ya riƙe. In bai iya ba, ka zama bakinsa da kunnensa kawai, ka haɗiye naka sharhin.

Ka tsinka labarin gida-gida.

Labarin maƙarƙashiya ba ya zuwa shi kaɗai. Gaskiya ɗaya ce ke jan ƙarya uku a bayanta kamar ayarin raƙuma. Aikinka kwance igiyar.

Ɗauki misalin ƙura. Ana yawan cewa jar ƙurar Sahara da ke sauka a Turai tana ɗauke da gubar bam ɗin Reggane, wai kaikayi ya koma kan masheƙiya. Labari mai daɗi, ni ma na so ya zama gaskiya. Amma masana sun auna samfuran ƙurar da ta rufe yammacin Turai a watan Maris na 2022, suka buga sakamakon a mujallar Science Advances a farkon 2025. Akwai ɓurɓushin nukiliya a ciki, ƙasa ƙwarai da abin da zai cutar da mutum, kuma tambarinsa bai yi daidai da na bam ɗin Faransa ba. Ya dace ne da manyan gwaje-gwajen Amurka da Tarayyar Sobiyet da suka bazu ko'ina a duniya. Ka ga ke nan: Reggane gaskiya, In Ekker gaskiya, ɓoye-ɓoyen Faransa gaskiya, wannan reshe ɗaya bai tsaya ba. Yanke reshen, bar itacen.

Haka na Kano. Trovan ya faru. Amma cewa ɗigon shan-inna na hana haihuwa, wanda ya sa Kano ta dakatar da rigakafin a 2003 har zuwa watan Yuli na 2004, bai tabbata ba. Cutar ta tsallaka daga can ta koma ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a watan Fabrairu na 2013, sai a watan Agusta na 2020 aka bayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Yaran da aka ɗiga wa a 2004 yau su ne ke ta raɗin suna. Ka sa manhajar ta jera maka ukun nan daban-daban: abin da ya tabbata, abin da aka bincika aka tarar ba haka ba ne, da abin da har yanzu ake jayayya a kai.

Kada ka yi a gaban jama'a.

Ba a kunyata mai furfura a fada. Same shi bayan la'asar, ku biyu, ka ce: Kawu, maganar jiya ta tsaya mini a rai, mu tambayi wannan abin mu ji. Da Inna ma haka, ba gaban kishiya ba, ba gaban surukai ba.

Kada ka cusa wa manhaja amsa a baki.

An gina ta ne ta faranta wa mai tambaya. A watan Afrilu na 2025 kamfanin OpenAI da kansa ya janye wani gyara da ya yi wa ChatGPT saboda ta koma 'yar amshin Shata, kowa ya faɗi tasa sai ta ce ya yi daidai. In ka rubuta "kawo mini hujjar cewa kaza ƙarya ne", za ta kawo. In Kawu ya karɓa ya rubuta "kawo mini hujjar cewa kaza gaskiya ne", tana iya kawo masa tasa. Kun koma inda kuka fara, kowa da takardarsa. Tambaya ta gaskiya ita ce: ga abin da ake faɗa, ga dalilan masu faɗa, me aka sani a kai, wa ya bincika, a wace shekara?

Kada ka ɗauke ta malami. Ka nemi isnadi.

Malaman hadisi sun bar mana darasi: ba a karɓar magana sai an san wa ya ji daga wa. Manhajar nan ba sani take yi kamar yadda mutum ke sani ba, kalmomi take jerawa bisa abin da aka ɗura mata, kuma in ta rasa sai ta ƙirƙiro, da murya ɗaya da wadda take faɗin gaskiya. A 2023 wani alƙali a New York ya ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kai masa shari'o'in da ChatGPT ta ƙaga, da sunaye da lambobi, alhali ba a taɓa yin su ba. Lauyoyi ke nan, ina ga kai? Gaskiya ne a binciken 2024 an ba ƙwararren mai tantancewa maganganu 128 daga bakin manhajar, bai sami ƙarya tsagwaronta ko ɗaya ba. Amma labaran saukar Amurkawa a wata da harin 11 ga Satumba ne, waɗanda aka rubuta dubban shafuka a kansu. Nawa aka rubuta a kan In Amguel?

Kuma kada ka manta tana da mai gida. A watan Mayu na 2025 Grok, manhajar kamfanin xAI na Elon Musk, ta riƙa cusa zancen wai ana yi wa farar fata kisan ƙare-dangi a Afirka ta Kudu cikin amsar tambayoyin da ba su shafi hakan ba. Kamfanin ya ce wani ne ya taɓa umarninta ba da izini ba. Ko ma wane ne, maganin da kake son ba Kawu ya zama shi ne mai yaɗa cutar na kwana ɗaya. In Kawu ya ce wannan abin Turawa ne suka ƙera, kada ka musa masa. Ce masa haka ne, shi ya sa ba za mu tsaya a bakinta ba: duk suna da shekara da ta ambata, za mu neme su a wani wuri. Buɗe manhaja ta biyu ta wani kamfani ka maimaita tambayar. Je ka duba jaridar da ta ambata ka ga ko akwai ta. In maganar lafiya ce, likita a asibiti yana nan da rai.

Ka yi tambayar da harshe biyu.

Hausarta ta fi da, amma har yanzu tana tuntuɓe, musamman Hausar Damagaram da ta Adar. Larabcin Darja yana yi mata wuya, Tamahak na Abzinawa kuwa sai dai a yi shiru. Tambaya da Hausa don Kawu ya ji da kunnensa, sa'an nan ka maimaita da Faransanci ko Larabcin makaranta. In amsoshin suka saɓa, ka tsaya nan, kada ka zaɓi wadda ta yi maka daɗi.

Kada ka tambaye ta labarin yau, kada ka tambaye ta hanya.

A daren 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilu 2025 sojan Aljeriya ya harbo jirgi maras matuƙi na Mali a wajen Tin Zawatin. Aljeriya ta ce ya keta mata iyaka, Mali ta ce a cikin ƙasarta yake, Nijar da Burkina Faso suka bi Mali aka janye jakadu. A irin wannan rana kowa da nasa bidiyon, kowace gwamnati da nata zancen, manhaja kuwa tattaro abin da ke yawo za ta yi ta shafa masa mai. Labarin da bai kwana ba, bar shi ya kwana.

Na hanya ya fi haɗari. Ko an buɗe iyakar In Gezam, ko ana kame, ko akwai ruwa a rijiya kaza, manhaja ba ta sani ba, kuma ba lalle ta ce ba ta sani ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 arewa da Arlit, akasari mata da yara 'yan Kance, motocinsu sun lalace a hanyar zuwa nan, ƙishirwa ta kashe su. Hamada ba ta yafe kuskure. Tambayi direban da ya sauka jiya, da ɗan gari akan ci gari.

Kada ka zuba mata sirrin kowa.

Ba suna, ba lambar waya, ba unguwa, ba wane yana da takarda wane ba shi da ita. Abin da ka rubuta yana tafiya kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, kuma wayarka tana iya faɗawa hannun da ba naka ba. A garin da ake lodin mutane a kai su bakin iyaka su taka kilomita 15 zuwa Asamaka, wannan ba sai an yi dogon bayani ba.

Labarin da ya nuna wani da yatsa, kada ka tura shi, ko manhaja ta ce me.

A watan Agusta na 2021, lokacin gobarar daji a yankin Kabiliya, wani matashi mai suna Djamel Bensmail ya taso daga garinsu don ya taimaka a kashe wuta. Aka ce shi ne ya cinna ta. Taron mutane a Larbaa Nath Irathen suka fizge shi daga motar 'yan sanda suka kashe shi, wasu na ɗauka a waya. A watan Nuwamba na 2022 kotu ta yanke wa mutum 49 hukuncin kisa. Kai baƙar fata a ƙasar nan ya kamata ka fi kowa tsoron irin wannan, domin a 2017 kai ne abin zargin: aka cika Facebook da cewa baƙin haure ne ke kawo cuta da sata, har wani babban jami'in fadar shugaban ƙasa, Ahmed Ouyahia, ya fito ya danganta su da laifi da ƙwaya. Ka ɗanɗana yadda ake ji. Kuma tun watan Afrilu na 2020 dokar Aljeriya ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ga mai yaɗa labarin ƙarya da zai taɓa tsaro ko zaman lafiya. Alƙali ba zai karɓi "ai turo mini aka yi" ba.

Ka fara da kanka.

Kana da naka. Wataƙila kana cikin waɗanda suka rantse cewa Buhari ya mutu an kawo Jibrin daga Sudan, har sai da Buharin ya fito a Folan a watan Disamba na 2018 ya ce shi ne dai. Wataƙila kai ne ka tashi gidanku da asuba a watan Agusta na 2014 a yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola. Wataƙila naka na yanzu ya fi waɗannan ado, da Faransanci ake faɗinsa, shi ya sa kake ce masa nazarin siyasa. Zauna kai kaɗai ka rubuta shi, ka ba shi maki daga sifiri zuwa ɗari, ka yi zagaye uku, ka sake ba shi maki. In ka ji zafin saukowa daga tamanin zuwa sittin, to ka san abin da kake nema daga dattijo.

Kuma sittin ɗin ta isa. Kashi 20 aka samu a binciken, ba ɗari ba. Uku cikin huɗu sun tashi da labarinsu, sai dai ya yi sanyi. Zagaye uku, ka mayar da waya aljihu, ka zuba shayi na uku. In ya dawo bayan mako da wata tambaya, ka sake zama.

Akwai tambayar da zai iya yi wadda za ta tsayar da ku duka: ina aka binne sauran tarkacen In Ekker? Aljeriya ta shekara da shekaru tana neman Faransa ta miƙa cikakkiyar taswirar wuraren. In manhaja ta zana maka wuri, ƙaga shi ta yi. Abin da aka sani shi ne, bayan tafiyar sojan Faransa mutane sun yi ta tono wayar tagulla da ƙarafa daga wurin suna sayarwa, wasu sun yi jinka da shinge da su. Saboda haka in wani ya kawo muku tsohon ƙarfe mai araha ya ce daga arewa ya fito, ku tambaye shi daga wane dutse, kuma kada ku sa shi a ɗakin da yara ke kwana.